Ruwan da na zuba wa babanku a bakin ƙofa

Akwai maganar da kuke yi in kun taru, kuna rage murya da zarar na shigo, kuna zaton kunnena ya tsufa tare da gwiwoyina. Bai tsufa ba. Tun ina yarinya a Galma nake jin tafiyar mutum daga bayan danga in faɗi ko wane ne, kuma har yau haka nake. Maganar taku ita ce wai ni na sallami babanku ya tahi ya mutu a hanya. To, ni na sallame shi, ban taɓa musu ba. Amma babu ɗayanku da ke kwana gidan nan a watannin da abin ya faru. Kai Babba, ɗana na fari da ba ni kama sunanka, kana Abijan. Ke Rabi kina wurin aikinki a likitar Buza. Sauran kowa da inda neman abinci ya kai shi. Shi ya sa na zauna da ɗan bokon da na koya a karatun manya zamanin furoje na Keita, aikin nan na raya karkara, in faɗa muku yadda anka yi.

Kun san sunan da garin nan ke kiran babanku da shi, Reluwe, amma ƙananan cikinku ba su san mafarinsa ba. Tun kafin ya aure ni ya tahi cin rani Najeriya kamar kowane saurayin Adar. Abokan tafiyarsa sunka kama sayar da ruwa da shayi, shi kuwa Allah ya jefa shi aikin jirgin ƙasa. Ya fara da goge-goge, da tsumma da mai, har anka yarda da shi ya zama mai ba jirgi wuta, wato wanda ke tsaye bayan direba da shebur yana ɗura kwal cikin tukunya. Tsakanin Ƙaura da Zariya ya yi ƙuruciyarsa. Da anka kawo jirage masu shan gazuwal anka ajiye na kwal, sai ya komo gida da tabon ƙuna a hannun dama da wannan suna. Mu nan ƙasarmu ba mu da jirgin ƙasa, ni kuwa da ban taɓa wuce Madawa ba, duk abin da na sani na jirgi da kunne na san shi, daga bakin babanku. Yakan yi mini yadda take numfashi in ta tashi daga tasha, da yadda take nishi in ta kama hawa, da kukanta in ta hango shanu bisa hanya. Ita yake ce mata, kamar mutum. Ƴan fadarsu ta gindin iccen bedi kullum sai sun tsokane shi, yau ina jirgi ya nufa, Reluwe? Shi kuma ya ce Zariya, wanda bai da tikiti ya sauka.

Bayan aurenmu bai daina fita ba, kowace shekara in an gama ɗaurin hatsi sai ya ɗauki jaka. A nan ne maganar ruwa ta shigo. Gidan kakanninku akwai abin da ake yi wa matafiyi, kuma surukata ce ta koya mini tun ina amarya. Ranar fita, matar gida za ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta zuba a bakin ƙofar zaure, mai gida ya taka jiƙaƙƙen wurin da ƙafar dama ya wuce, ba ya waiwaye. Malamai sun sha cewa ba komai ba ne, shi ma babanku ya san ba farilla ba ce. Amma bai taɓa ƙetare ƙofar nan da jakar tafiya ba sai na zuba. Ya ce ruwan shi ne bakin matar gida, in ta zuba ta yarda, in ba ta zuba ba namiji ya fita da fushin gida a bayansa. Shekara da shekaru ina zubawa ban taɓa tsayawa tunani ba, don ban taɓa jin ina da abin cewa ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda anka rufe iyaka. Damanar da ta gabace ta babanku ya faɗi a gona, hannunsa na hagu ya yi nauyi, bakinsa ya ɗan karkace kafin ya komo daidai. Ke Rabi kika auna shi kika ce tansiyo ce, wato hawan jini, kika ɗora shi bisa ƙwayoyi, kika hana shi gishiri da goro da doguwar tafiya. Ya bi, yana gunaguni amma ya bi. Ya zama mai jan ƙafa, daga ɗaki zuwa masallaci, daga masallaci zuwa gindin bedi.

Wani hantsi bayan kaka ina sussuka a tsakar gida sai na ji takun da na manta da shi, mai sauri, dunduniya na bugun ƙasa. Na ɗaga kai ina zaton baƙo ne, sai ga babanku riƙe da salular maƙwabcinmu. Ɗan maƙwabcin yana aiki a wani gari gaba da Zariya, ya shiga wani gida da anka tara tsofaffin jiragen ƙasa don mutane su riƙa zuwa kallo, ya ɗauko bidiyo ya turo wa ubansa don a tsokani Reluwe.

“Ta-Galma, aje taɓaryar nan ki duba,” in ji shi.

Na duba. Wani baƙin abu ne ƙato, tsaye cikin ciyawa ƙarƙashin rumfar kwano, an shafa masa fenti yana ƙyalli.

“Ita ce,” ya ce. “Dubi gefen hagu, ƙasa da fitila, inda ya lotsa. Raƙumi munka buge kusa da Gusau. Ina tsaye ciki ranar.”

“To, Allah ya jiƙan raƙumi,” na ce, na koma ga sussukata.

“Ni na ɗauka sun yanka ta sun sayar wa maƙera. Ashe tana nan.” Sannan ya ce, “Zan tahi in gan ta.”

Na yi dariya, don na ɗauka irin maganar gindin bedi ce. Da la’asar sai na tarar ya sauko da tsohuwar jakarsa yana kakkaɓe ta.

Labari bai kwana ba ya kai Abijan. Kai Babba ka kira ni, kuma ban manta kalma ɗaya ba.

“Inna, kin san iyaka rufe take, sai ta daji bisa moto mai ƙafa biyu. Kin san abin da ƴan bindiga ke yi a hanyar Gusau. Mutum da hannu guda da tansiyo. Mu ba mu iya hana shi, ba shi jin tamu. Ke kaɗai ke iyawa. Kar ki zuba mashi ruwa.”

Ke ma Rabi kin zo da kanki ranar kasuwar Tabotaki, kika ja ni bayan rumbu kika ce jijiyar kansa kamar tsohon zare take, girgizar mota kaɗai ta isa. Na ce muku na ji. Kuma da gaske nake, don ni ma tsoron ya kama ni.

Ranar da ya sa wa kansa, bayan sallar safe ya saka rigarsa shuɗiya da hula, ya ɗauki jaka ya zauna a zaure. Ni kuma na fito da tulu zan je rijiya. Na bi ta gabansa na wuce. Na komo da tulun cike, ruwa na tsiyaya a wuyana, na sake bi ta gabansa na shige ciki. Ya zauna har rana ta take, sannan ya shigo ya rataye jakar. Washegari haka, wanshekare haka. Ban san ko kun taɓa wuce mutum da ruwa a kanku alhali kun san ɗigo kaɗan yake jira ba. Nakan riƙe tulun da hannu biyu don kada ya fantsama a bakin ƙofa ya ce na zuba. Gari duk ya sani. Mata a rijiya suna kallona, waɗansu na cewa na kyauta, waɗansu na cewa wace irin mace ce ke ɗaure namiji da ƙwarya. Ƴan gindin bedi kuma sunka sami abin yi, duk wanda ya bi ta ƙofar zaure sai ya leƙa ya ce, yau ma jirgi bai tashi ba?

Ƙanensa, Baba Sani, wanda kun san tun aurena ba ya kirana sai da amarya don wasan da ke tsakaninmu, ya zo ya same shi a zaure ina ji daga madafa.

“Yaya, in ruwa ne, matata na da ƙwarya. Ta zo ta zuba maka ko tulu guda ne.”

“Matarka ta zuba maka kai,” in ji babanku. “Ni tawa na nan.”

“To, ka fita hakanan mana. Wa za shi kama ka?”

“Ban taɓa ba ina da ƙarfi, ba ni farawa yanzu.”

Da ya yi faɗa, da ya ɗaga mini murya ko ya kai ƙarata wurin liman, da na ji sauƙi, don na iya faɗa. Bai yi ba. Wata safiya dai na fito da tulu na tarar zauren babu kowa. Ya kwance jakar, ya ninke rigar ya mayar cikin akwati. Na kira ku na ce ya haƙura, kunka yi ta sa mini albarka. To, daga nan ne abin da ba ku gani ba ya fara. Ya daina zuwa gindin bedi. Ƙwayoyinsa yana sha ba sai na tuna masa ba, tuwo babu gishiri yana ci bai ce uffan ba, shi da kullum sai ya ce na dafa masa ƙasa. In na ce zauna nan ya zauna, in na ce koma inuwa ya koma. Takunsa ya canza, ba ma jan ƙafa irin na ciwo ba, wani irin taku ne na wanda ba ya zuwa ko’ina. Gidan nan da na saba jin muryarsa tun daga alwalar safe ya zama sai kukan awaki da ƙarar taɓaryata. In kun kira kun tambaya yakan ce lafiya lau, ku kuma ku ji daɗi. Ke Rabi kika zo kika auna kika ce tansiyo ta sauka, Inna, kin gani ko. Na gani. Amma ni na san abin da nake ji.

Wata rana ƴar jikarsa Nana, ɗiyar Baba Sani ce ta haife ta, ta hau cinyarsa ta ce Kaka yi muna jirgi. Ina tankaɗe, na tsayar da hannuna ina saurare. Ya buɗe baki, ya ja numfashi kamar zai fara, sai ya sauke yarinyar ya ce ta je ta yi wasa, ya manta yadda ake yi.

Da yamma na kai masa fura na zauna kusa da shi, abin da ban cika yi ba.

“Malam, ƙarfe ne fa,” na ce. “Ba ta san ka ba. Ko ka je ba ta gaishe ka.”

“Na sani.”

“To, mi za ka samo can da ya fi ranka?”

Ya juya ludayi cikin furar ya amsa.

“Ta-Galma, direbana ya mutu. Mai duba taya ya mutu. Duk wanda munka sha hayaƙin nan tare ya tahi. Nan garin kowa ya san ni tsoho mai ba yara dariya da bakin jirgi. Ke kanki da kunne kika san ni a wurin. Ita kaɗai ta rage cikin abin da ya gan ni ina da ƙarfina. So nake in tsaya gabanta sau guda, in san ba mafarki na yi ba.” Ya kurɓi furar. “Amma kin ce a’a, shi ke nan. Ba ni riƙe ki da komai.”

Wannan ba ni riƙe ki da komai ɗin ita ta hana ni sukuni. Na yi ta auna abin ina daka, ina auna shi ina wanki. In na zuba, mai yiwuwa ba ya komowa, kuma ni za ku kama. In ban zuba ba, yana nan gabana, amma ga yadda yake. Babu wanda zan yi shawara da shi, don kowa ya riga ya faɗi tasa. Ranar da na gama yanke shawara na je gidan Baba Sani na same shi yana gyaran mangala.

“Amarya da kanta? Yau tsoho ya sake ki ne in ɗauka?”

“Rufe mini baki. Za ka iya raka yayanka?”

Ya aje mangalar ya dube ni, wasa ya fita daga fuskarsa.

“Kin san abin da ɗiyanki za su ce.”

“Na sani. Ƙwayoyinsa a aljihunka za su zauna, safe da yamma. Kada ku yi tafiyar dare. In ya gaji ku kwana, ko a masallaci ne.”

Ban gaya muku ba, gaskiya ne, don na san in na ji muryoyinku hannuna ba zai iya ba. Da safe na fito masa da shuɗiyar rigar da kaina na aje bisa tabarma. Ya dube ta ya dube ni, ya ɗauka ya saka. Na ɗaure masa garin fura da ƙuli-ƙuli. Moto biyu na jira a waje. Na ɗebo ruwa a ƙwarya na tsaya bakin ƙofa.

“Ki yafe mini,” ya ce.

“Ba ka yi mini komai ba. Ni ma ka yafe mini.”

Na zuba. Ya taka da dama ya wuce. Bai waiwaya ba, haka ake yi.

Kun san abin da ya biyo baya, don ku kunka yi shi. Kai Babba ka ce mini a waya, Inna, in wani abu ya same shi ke ce. Ke Rabi kin zo kin yi kuka kin ce aikinki na shekara guda na zubar a bakin ƙofa. Kwanakin nan ko moton wa ta tsaya a unguwa sai in fito zaure in leƙa. Su babanku sunka ƙetare iyaka lafiya, sunka wuce Sakkwato, sunka wuce Gusau, Baba Sani na turo saƙon murya ga salular maƙwabci. Sannan wata rana maƙwabcin ya shigo da sauri ya ce in saurara. Muryar babanku ce, irin ta da, mai cika gida.

“Ta-Galma, ga ni bisa kanta. Saurara.”

Sai na ji ƙararrawa, mai nauyi, ana bugawa a hankali, ƙarar na daɗewa kafin ta mutu. Mai tsaron wurin ne ya bar shi ya ja igiyar. Ran nan na fara jin jirgin ƙasa ba daga bakin mutum ba. Na sa maƙwabci ya maimaita mini har ya gaji.

Ina shara da hantsi ranar da moto ta tsaya a ƙofa. Guda ɗaya ce. Na ji mutum ya sauko, takun mutum guda, mai nauyin kaya biyu. Baba Sani ya yi sallama, ya ce, “Yaya, kina ciki?” Bai taɓa ce mini Yaya ba. Na aje tsintsiya na zauna a ƙasa tun kafin ya shigo.

A hanyar komowa ne, tsakanin Gusau da Sakkwato, bayan azahar. Ya jingina kansa a kafaɗar ƙanensa kamar mai gyangyaɗi. Direba ya tsaya a wani ƙauye na bakin hanya, mutanen wurin da ba su san shi ba sunka wanke shi, sunka ba da likkafani, sunka yi masa salla da jama’a mai yawa, sunka rufe shi cikin mamatansu.

Sai cikin takaba ne Baba Sani ya ba ni sauran labarin, ku kuwa ba ku tsaya kun tambaye shi ba. Ya ce da sunka shiga gidan, jirage na jere, babanku bai dubi ko ɗaya ba, ya miƙe kai tsaye wurinta. Mutumin da sai an kama shi yake tashi daga tabarma ya kama ƙarfe da hannu guda ya hau matakala shi kaɗai. Ya buɗe ƙofar tukunya ya sa hannu ciki, ya ce ta yi sanyi. Sannan ya roƙi mai tsaron wurin tsumma. Kwanakin da sunka yi can, kullum da safe yana wurin yana goge ta, ƴan makaranta masu zuwa kallo na kewaye shi yana yi musu yadda take nishi a hawa. Ya ci tuwo da gishiri, Baba Sani ya ce bai iya hana shi ba. Ranar tahowa ya dafa wurin da ya lotsa, ya ce wa ƙanensa su tahi gida, ya gani.

Abin da ya ci mini na sani, ba sai an lissafa mini ba. Ba ni da kabarin da zan nuna a garin nan in ce ga mijina. Kai Babba ka zo zaman makoki ka gaishe ni kamar matar maƙwabci, ba ka ci abincin da na aiko maka ba, kuma tun daga ranar buhun shinkafarka na zuwa amma muryarka ba ta zuwa. Ke Rabi kin ce da ya zauna da ya ƙara shekara ko biyu. Mai yiwuwa gaskiyarki, ke kika yi karatun, ban ja da ke ba. Amma ku kuna jin lafiya lau a waya ne, ni ke zaune da shirun. Na riƙe shi iyakar yadda zan iya, kuma na ga abin da riƙon ke mayar da shi. Ba ina neman ku ce na yi daidai ba. Ina so dai ku san ba da wasa na karkata ƙwaryar nan ba, kuma babu wanda ya fi ni sanin abin da ke cikinta.

Ga abin da ya sa ban bar maganar ta bi ni kabari ba. Ƙauyen da babanku yake kwance ba shi da allo a bakin hanya, kabarin kuma ba shi da alama sai wata tsamiya da tsohuwar rijiya. Duk duniya mutum guda ya san wurin, Baba Sani, kuma bana idonsa ya fara hazo, jiya ma sai da ya tambaye ni ko ni ce tsaye a ƙofa. Fushinku da ni zai iya jira, ina nan, ba ni zuwa ko’ina. Idon Baba Sani ba zai jira ba. Babba, ka zo ka ɗauke shi ya kai ka wurin ubanka.